Tarihin Curt Herzstark, wanda ya zana na'urar lissafi a kurkuku

An haifi Curt Herzstark a birnin Vienna na ƙasar Ostiriya a shekarar 1902, inda mahaifinsa ke da masana'antar na'urorin lissafi.

Tun yana matashi ya ƙudiri aniyar ƙera na'urar da za ta shiga aljihu, a zamanin da irin waɗannan na'urori sai bisa tebur saboda nauyi.

A shekarar 1943 'yan Nazi suka kama shi, suka kai shi sansanin gwale-gwale na Buchenwald.

Jami'an sansanin sun bar shi ya ci gaba da zanen na'urar, da nufin miƙa ta kyauta ga Hitler bayan yaƙi. Wannan aiki ya taimaka wajen tsirar da ransa.

Bayan da sojojin Amurka suka 'yantar da sansanin a watan Afrilun 1945, an ƙera masa samfura uku na gwaji, waɗanda ya tsere da su zuwa Ostiriya don kada su faɗa hannun Tarayyar Soviet.

Daga bisani kamfanin Contina na ƙasar Liechtenstein ya soma ƙera na'urar da sunan Curta. Hannu ake murzawa ta yi lissafi, ba ta buƙatar batir.

A shekarar 1954 aka fito da ingantaccen samfuri mai karɓar lambobi 11 maimakon 8.

An ƙera kimanin guda dubu 140 kafin kalkuleta mai batir ta kashe mata kasuwa a farkon shekarun 1970. Masu tara kayan tarihi kan duba lambar da ke gindinta don gane shekarunta.

Herzstark ya rasu a Liechtenstein a shekarar 1988.