Agustin na Hippo da Shekara Dubu

An haifi Agustin a shekara ta 354 a Tagaste, cikin ƙasar da a ke kira Aljeriya yau. Uwatasa Monika mai bi ce, amma shi ya bi sha'awar jiki da neman suna, har ya zama babban malami a birnin Milan. Can ne Maganar Allah ta kama shi. A 387 ya ba da sunansa domin baftisma, ya yi kwanakin Azumi cikin koyo da addu'a. A daren Idin Tashin Ubangiji kuwa Bishop Ambros ya yi masa baftisma.

Yana bishop na Hippo sa'anda aka washe Roma a 410, zukatan masu bi suka karai. Domin wannan ya rubuta littafinsa, Birnin Allah, inda ya bayyana shekara dubu ta Ru'ya ta Yohanna sura 20. Dā yana tsammani hutu ne mai zuwa ga tsarkaka a duniya. Daga baya ya koyar cewa zamanin Ikilisiya ne, tun zuwan Almasihu har komowarsa; tashin fari kuwa shi ne tashin rai daga mutuwar zunubi, abin da shi kansa ya ɗanɗana.

A 430, magabta suna kewaye da Hippo, ya sa aka manna Zaburan tuba a bango, yana karantawa da hawaye har ya rasu.

Mai karatu, masu bi sun bambanta a kan shekara dubu. Amma a Azumin nan ka tambayi kanka: ko na sami rabo cikin tashin fari?