Labarin Sarbantes, Sojan Da Ya Mai Da Barade Abin Dariya

Ka sani, ya mai karatu, a zamanin da mutanen ƙasar Sifen sun kasance masu tsananin son littattafan barade. A cikin irin waɗannan littattafai barde guda ya kan kori runduna, ya sare kan dodo, ya kuɓutar da 'yar sarki daga hannun matsafi, sa'an nan ya komo ba ko ƙwarzane. Mutumin da ya mai da waɗannan labaru abin dariya shi ne Migel de Sarbantes, kuma ya cancanta, domin ya ga yaƙi da idonsa, ya kuma ɗanɗana bauta.

An haife shi cikin shekarar 1547 a garin Alkala, kusa da Madrid. Ubansa wanzami ne matalauci, wanda bashi ya yi wa katutu har ya kai shi kurkuku. Da yaron ya kawo ƙarfi sai ya tafi Italiya, ya shiga soja. Ran 7 ga watan Oktoba 1571 jiragen yaƙi na Nasara suka gamu da na Turkawa a Lefanto, a gaɓar ƙasar Girka. Ranar nan Sarbantes na fama da masassara, amma ya ƙi kwanciya, ya fito aka gwabza da shi. Harsashi biyu suka same shi a ƙirji, ɗaya a hannun hagu, hannun nan bai sake moruwa ba har ya mutu.

Cikin 1575 ya kama hanyar gida tare da ƙanensa, ɗauke da takardun yabo daga manyan shugabannin yaƙi. 'Yan fashin teku suka tare jirginsu, suka kai su birnin Aljaza'ir. Da suka ga takardun nan sai suka zaci wani babban mutum suka kama, suka yanka masa fansa zinariya 500. Ashe abin da ya riƙe don samun girma shi ya tsawaita masa ɗauri. Shekara biyar ya yi cikin bauta. Sau huɗu yana ƙulla gudu, sau huɗu asiri na tonuwa, shi kuwa ya kan ɗauki laifin a kansa don kada a azabtar da abokansa. Cikin 1580, ana shirin tafiya da shi Santambul, waɗansu malaman Kirista masu aikin fansar bayi suka cika kuɗin, ya sami kansa.

Da ya komo gida bai iske ko tukuici ba. Ya nemi muƙami a ƙasashen Amurka, aka hana shi. Ya zama mai tara wa gwamnati alkama da mai, daga baya mai karɓar haraji. Ya ba wani attajiri ajiyar kuɗin haraji, attajirin ya karye, aka jefa Sarbantes kurkuku a birnin Sabila cikin 1597.

Yana da shekara 57 aka buga littafinsa mai suna Don Kihote, cikin 1605. Labari ne na wani dattijo mai 'yar gona, wanda ya duƙufa kan littattafan barade dare da rana har hankalinsa ya juya, ya ɗauka shi ma barde ne. Ya kakkaɓe tsohon sulken kakanninsa, ya ɗaura wa ramammen dokinsa sirdi. Tun da yake kowane barde yana da gimbiya, sai ya zaɓi wata 'yar ƙauye, ya sa mata suna Dulsiniya, ita kuwa ba ta ma san ana yi ba. Ya yaudari wani manomi, Sanco Fanza, da alkawarin sarautar tsibiri, ya zama zaginsa bisa jaki. Ya ga manyan maniƙa waɗanda iska ke juya fikafikansu, ya ce Samudawa ne, ya kai musu suka, fiffike ya yi jifa da shi da dokinsa. Ya auka wa garken tumaki a kan runduna ce, makiyaya suka zubar masa da haƙora da duwatsu. Ya ƙwace tasar wanzami ya kifa a ka, wai kwalkwalin zinariya ne.

Har asalin labarin ma sai da marubucin ya yi wasa da shi, ya ce wani Balarabe masanin tarihi ne ya rubuta, shi dai ya tsinci takardun ne a kasuwar Toledo ya sa aka fassara masa. A zamanin nan akwai sauran jikokin Musulmin Andalus a ƙasar, masu rubuta harshen Sifen da haruffan Larabci, kuma sunan rubutun nasu tushensa ɗaya da kalmar ajami.

Littafin ya bazu nan da nan, aka juya shi da Ingilishi cikin 1612, da Faransanci cikin 1614, amma mai shi bai fita daga talauci ba. Wani ma ya buga ci gaban labarin na jabu cikin 1614. Sarbantes ya fitar da kashi na biyu na gaskiya cikin 1615, ya kuma sa dattijon ya dawo cikin hankalinsa, ya yi tir da littattafan barade, ya mutu bisa gadonsa, don kada wani ya sake ɗaura masa sirdi. Mai karatu ya kan fara da dariya, amma kafin ƙarshe sai ya ga yana tausayin wannan dattijo, domin duk haukansa bai fita ba sai don taimakon wanda aka zalunta.

Sarbantes ya rasu a Madrid ran 22 ga watan Afrilu 1616, aka binne shi a gidan ibada na ƙungiyar nan da ta fanshe shi. Littattafan baraden da ya yi wa ba'a yawancinsu an manta da su, nasa kuwa har yau ana karantawa cikin harsuna masu yawa.

Tamat.