Edgar Codd: Matuƙin jirgin yaƙi da ya sauya yadda ake adana bayanai

Duk sa'ad da ma'aikacin banki ya danna lambar asusu, sunan mai shi da ragowar kuɗinsa suka bayyana nan take, to akwai hannun marigayi Edgar Frank Codd a cikin lamarin, ko da yake 'yan kaɗan ne suka san sunansa.

An haife shi ranar 19 ga Agusta, 1923, a yankin Portland da ke kudancin Ingila. Ya karanci lissafi a Jami'ar Oxford, kuma ya tuƙa jirgin sama a rundunar sojan saman Birtaniya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan yaƙin ya koma Amurka, ya kama aiki da kamfanin IBM. A 1953 ya tattara ya koma Kanada saboda takaicin farautar da Sanata Joseph McCarthy ke yi wa waɗanda ake zargi da kwaminisanci. Ya dawo a 1957, sannan ya sami digirin digirgir a Jami'ar Michigan a 1965.

A wancan zamani rumbun bayanai na kwamfuta tamkar ɗakin ajiya ne da mai shi kaɗai ya san inda ya cusa kowane kaya. Mai neman bayani sai ya san hanyar da aka bi aka ajiye shi, ya bi ta daki-daki. Idan aka sauya wurin ajiya, manhajojin da suka dogara da shi sai an sake rubuta su, kamfanoni kuma na kashe maƙudan kuɗi a kan haka.

A watan Yuni na 1970, yana cibiyar binciken IBM da ke San Jose a jihar Kalifoniya, Codd ya wallafa maƙalar da ta warware wannan ƙulli. Shawararsa ita ce a raba abu biyu da aka daɗe ana cakuɗawa: ma'anar bayanai, da kuma yadda na'ura ke ajiye su. A fara zaunawa a tantance abubuwan da ake mu'amala da su da alaƙar da ke tsakaninsu, sannan a zuba su cikin jadawalai. Ɗan kasuwa zai gane wannan da sauri: jadawalin abokan ciniki daban, na kaya daban, na ciniki daban, lamba ce ke haɗa su. Adireshin abokin ciniki sau ɗaya za a rubuta shi, ba a kan kowane rasit ba, don kada ya tashi daga unguwa a gyara a wuri guda a manta da sauran. Mai tambaya kuwa abin da yake so kawai zai faɗa, na'ura ce za ta nemo hanya.

Sai dai gidansu bai yi maraba da shi ba. IBM na cin riba daga tsohon rumbunsa mai suna IMS, don haka ya yi ta jan ƙafa. Da aka fara gwajin System R, ba Codd aka ba jagoranci ba, kuma harshen tambaya da Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka ƙirƙiro, wanda ya zama SQL, bai gamsar da shi ba. Ana cikin haka Larry Ellison, wanda ya karanta aikin Codd, ya fitar da Oracle kasuwa a 1979. Sai a 1983 IBM ya sanar da DB2. Kamfanin da ya biya albashin mai dabarar, wani ne ya riga shi cin moriyarta.

A 1981 aka ba Codd kyautar Turing, mafi girma a fagen kwamfuta. Bai zama hamshaƙin attajiri ba kamar Ellison. Mutum ne mai tsauri a kan ƙa'ida, har a 1985, bayan ya bar IBM, ya fitar da sharuɗɗa 12 na tantance rumbun da ya cika tsarinsa, domin ya tona asirin kamfanonin da ke shafa wa tsohon kaya sabon fenti. Awon ya yi tsanani ƙwarai, kusan babu rumbun da ya tsallake shi a lokacin.

Ya rasu sakamakon ciwon zuciya ranar 18 ga Afrilu, 2003, a jihar Fulorida, yana da shekara 79.