Joseph Bramah: Kafintan Da Ya Sa Ruwa Ɗaga Kaya

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da katafila tana haƙa rami, ko ya ga tifa ta ɗaga bayanta ta juye yashi, ya ga baƙaƙen tiyon nan masu kauri da ke bin jikin ƙarfen. Mai ne ke gudu a cikinsu da matsi mai tsanani, shi ke ɗaga hannun injin. Mu 'yan injiniyan kanikanci da ke shekarar ƙarshe, zangon nan mun sha fama da zana irin waɗannan tiyo a kwamfuta, wallahi har wasunmu na mafarkinsu. To amma tun kafin a yi kwamfuta, tun kafin a san tiyon roba, akwai wani Baturen Ingila da ya fara sa ruwa ya yi aikin ƙarti ɗari. Sunansa Joseph Bramah.

An haife shi a 1748 a ƙauyen Stainborough kusa da Barnsley, a yankin Yorkshire. Ubansa manomi ne, kuma shi ma gona aka shirya masa. Yana kusan shekara 16 ya ji ciwo a idon sawu, abin da ya bar shi da ɗingishi har ƙarshen rayuwarsa. Da noma ya gagara, sai aka kai shi koyon aiki wajen wani kafinta. Bayan ya gama ya nufi Landan neman abinci, ya kama aikin haɗa kayan ɗaki.

A Landan ɗin ne ruwa ya fara shiga rayuwarsa, ta ƙofar da ba wanda zai yi tsammani: bayan gida. Cikin ayyukan da yake samu har da saka masai na zamani a gidajen masu hali. Ya lura irin wanda ake yayi a lokacin, murfinsa na ƙasa kan maƙale idan sanyi ya daskarar da ruwa. Sai aka canza shi da murfi mai buɗewa kamar ƙyaure, shi kuma ya karɓi takardar mallakar ƙirƙira a 1778. Kasuwa ta buɗe masa, ya tashi daga yaron wani ya zama mai shagon kansa.

Daga nan ya koma kan kwaɗo. A 1784 ya ƙirƙiro wani kwaɗo mai wuyar buɗewa ba da makullinsa ba. Saboda ya yarda da aikinsa, ya ajiye guda a tagar shagonsa da ke titin Piccadilly, ya sa ladan gini 200, wato fam 210, ga duk wanda ya buɗe shi. Kwaɗon nan ya yi shekara sama da 60 yana gagarar gwanaye. Sai a 1851 wani Ba'amurke, Alfred Charles Hobbs, ya buɗe shi, shi ma bayan ya shafe awa 51 cikin kwana 16. A lokacin Bramah ya daɗe a ƙasa.

Sai dai kwaɗon ya zo da tasa matsalar. Ƙananan ƙarafan cikinsa dole kowanne ya fita daidai awo, kuma hannun maƙeri ba ya iya maimaita abu iri ɗaya sau ɗari babu kuskure. Bramah ya shiga neman wanda zai taya shi ƙera injinan yanka ƙarfe. Aka nuna masa wani saurayi ɗan shekara 18 da ke aiki a masana'antar makamai ta Woolwich, Henry Maudslay. Ku riƙe sunan nan, za mu dawo kansa.

Babban aikin Bramah shi ne injin matsa kaya da ruwa, wanda ya karɓi takardarsa a 1795. Tunanin ba sabo ba ne. Blaise Pascal na Faransa, wanda ya rasu a 1662, ya riga ya bayyana cewa idan ka matsa ruwan da ke kulle a cikin mazubi, matsin yana isa ko'ina daidai wa daida. Mun haddace wannan tun ajin farko. A ce kana da fistin ƙarami mai faɗin fuska santimita murabba'i 1, da babba mai 100, bututu ya haɗa su. Ka danna ƙaramin da nauyin kilo 10, babban zai ɗaga kilo 1,000. Ba kyauta ba ce dai, domin sai ƙaramin ya yi tafiyar santimita 100 kafin babban ya motsa santimita 1.

To me ya hana a ƙera injin shekara sama da 130 bayan Pascal? Yoyo. Da zarar matsi ya yi ƙarfi, ruwan sai ya samu hanya ta gefen fistin ya tsiyaye. In ka ɗaure wurin tamau don ka hana shi, fistin ɗin ya ƙi motsi. In ka sassauta, ruwa ya gudu. Maganin da aka samu a shagon Bramah zobe ne na fata, an lanƙwasa shi kamar bakin ƙoƙo, aka zaunar da shi a cikin wani kwari a jikin silinda. Ruwan na shiga cikin lanƙwasar, ya tura fatar ta manne da fistin. Iya ƙarfin matsi, iya ƙarfin toshiya. Da an saki matsin, fatar ta saki, fistin ya sauka salin alin. Masu tarihi sun fi danganta wannan dabara ga Maudslay. Robar da makanikai ke kira sil a jak ɗin mota ko silindar katafila jikanyar wannan fatar ce.

A nan ne Bramah ya yi kuskuren da har yau ake ba da labarinsa. A 1797 Maudslay, wanda ya zama shugaban ma'aikata kuma ya yi iyali, yana karɓar sule 30 a mako, ya nemi ƙari. Maigida ya ƙi. Saurayin ya tattara kayansa ya buɗe nasa wurin, ya kuma zama ɗaya daga cikin manyan masu ƙera injinan yanka ƙarfe a tarihin Ingila. Mutumin da ya gane darajar ɗan guntun fata ya kasa gane darajar hannun da ke shagonsa. Masu shirin buɗe gareji bayan kammala karatu, kun dai ji.

Duk da haka Bramah bai zauna ba. A 1797 ya samu takardar famfon da ke jawo giya daga ɗakin ƙasa zuwa teburin mai sayarwa, da kuma ta hanyar yin bututun dalma ta tura ƙarfen ta cikin rami, irin yadda ake fitar da taliya. A 1806 ya ƙera wa Bankin Ingila injin buga lambobi a jere a kan takardun kuɗi. A 1809 ya yi alƙalami mai riƙe tawada. A 1812 ya kawo shawarar a shimfiɗa bututun ruwa mai matsi a ƙarƙashin gari, kowace masana'anta ta ja ƙarfi daga ciki. Bai ga haka da idonsa ba, amma a 1883 an kafa kamfanin da ya yi wa Landan wannan aiki, kuma bututunsa sun yi ta ɗaga lif da ƙugiyoyin sauke kaya har 1977.

Ajalinsa ma a bakin aiki ya same shi. Yana duba yadda injinsa ke tumɓuke manyan itatuwa a dajin Holt da ke Hampshire, sanyi ya kama shi, ya zama ciwon huhu. Ya rasu ranar 9 ga Disamba, 1814, aka binne shi a Paddington.

Abin da ya sa na zaɓi Bramah shi ne na ga halinmu a ɗakin kwamfuta. Mukan ɓata mako muna ƙawata silinda da famfo a SolidWorks ko Inventor, tiyo kuma sai daren miƙa aiki a ja shi kamar igiyar shanya. Manhaja ba ta da baki, duk yadda ka murɗe shi za ta zana maka. Ni kaina na yi haka, sai da aka dawo mini da zanena da jan biro.

Tiyon haidurolik yana da roba a ciki, saƙar waya a tsakiya, wata robar a waje, kuma kowanne yana da iyakar lanƙwasar da kamfaninsa ya rubuta. Ka wuce ta, wayar ta gaji, ya fashe. Kada lanƙwasa ta fara daga bakin ƙarfen da aka danne a kansa, a bar ɗan miƙaƙƙen wuri tukuna, domin a mahaɗa yoyo ya fi farawa. Idan matsi ya shiga, tiyo kan ƙara tsawo kaɗan ko ya ragu, don haka ba a jansa tsam kamar tsirkiya. Ba a murɗa shi wajen ɗaurawa, shi ya sa ake buga layin rubutu a jikinsa don ka gani in ya juya. Hannun katafila kuma motsi yake yi, saboda haka sai ka gwada zanenka a miƙe, ka gwada a naɗe, ka ga inda tiyon ke gogar ƙarfe. A ƙa'ida, matsin da zai fasa shi ya ninka matsin aikinsa sau huɗu.

Ba maki kaɗai ke kan layi ba. Tiyon da ya fashe na iya sakin kaya a kan wanda ke ƙasa, kuma man da ke fita ta huda kamar bakin allura yana iya ratsa fata ya shiga nama, har a kai ga yanke yatsa. Don haka 'yan uwa masu tafiya koyon aiki a masana'antu, in an ce ku nemo inda mai ke yoyo, ku kanga kwali a wurin, kada ku shafa da hannu.