Malam Abdullahin Gwandu: Ƙanen da Ya Zauna Gaban Wansa Ya Ɗauki Karatu

Duk wanda ya taso a Jega, Aliero ko Maiyama ya san sunan Abdullahin Gwandu tun yana ƙarami. An san shi da jarumtaka, an san hubbarensa na nan Gwandu, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba daga inda muke. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne irin ɗalibin da ya kasance kafin ya zama malamin malamai. Ga ku sababbin shiga 'yan ND 1, a nan darasin yake.

An haifi Malam Abdullahi ɗan Fodiyo wajajen 1766, wato Shehu Usmanu ya girme shi da kimanin shekara 12. Alƙur'ani a hannun mahaifinsu Muhammadu Fodiyo ya karanta shi. Da ya kai shekara 13 sai aka miƙa shi ga wansa Usmanu. Ku duba fa, uwa ɗaya uba ɗaya suke, gida ɗaya, akushi ɗaya, amma idan lokacin karatu ya yi wannan malami ne, wannan almajiri. Sabo bai sa raini ya shiga ba. Yau sai ka ga ɗalibi ya shigo aji lakca ta yi rabi, waya a kunne, don kawai malamin ɗan unguwarsu ne ko kuwa bai girme shi sosai ba.

Karatun nasa ma a tsare yake. A nahawu ya fara da ƙananan littattafai irin su Ajuruma, a fikihu ya bi ta Ahalari da Ishmawi kafin ya kai Risala, ya haɗa da Ishiriniya da waƙoƙin Larabawan jahiliyya don harshe ya zauna. Bai tsallake tsani ba. Mutumin da ya fara da Ajuruma shi ne daga baya ya tsara manyan littattafan nahawu da sarfu, Bahrul Muhit da Hisnur Rasin, har ake masa laƙabi da Balaraben ƙasar Sudan. Wanda ya raina darussan zangon farko, yana cewa ai wannan mun yi shi a sakandare, shi ne za ka gani a ND 2 yana fama da kariyoba.

Wani hali nasa kuma shi ne rubutu. A wancan zamani babu injin ɗab'i, babu hotokwafi, takarda kuwa sai fatake sun ƙetaro da ita ta Sahara, ga tsada. Duk da haka, da wuya wani littafin tauhidi ya shigo ƙasar, labari ya iske shi, bai zauna ya kwafe wa Shehu shi da hannunsa ba. Wanda ya kwafi littafi shafi bayan shafi ya karanta shi karatun da ba ya fita kai. Mu kuwa mun koma ɗaukar hoton allo da waya, hoton ya nutse cikin dubban hotuna, sai daren jarrabawa a shiga nema a WhatsApp. Biro da littafi har yanzu ba su da magaji.

Bai tsaya ga Shehu kaɗai ba. Ya zauna gaban Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya saurari Sahihul Buhari wurin Alhaji Muhammadu ɗan Raji, ya bi malamai da dama kowanne da fanninsa. Abin burgewa, a 1812, lokacin da ya riga ya zama waziri kuma babban malami, ya zauna ya rubuta Ida'un Nusukh, inda ya jera malaman nan da littattafan da ya karanta a wurin kowannensu. Girma bai mantar da shi wanda ya koya masa baƙi ba. Wannan shi ne asalin abin da malamanku za su nema a furojet: ka faɗi inda ka samo magana, kada ka kwashi guminsa na wani ka liƙa sunanka.

Akwai labarin da ya kamata ɗalibai mata su riƙe. Yana ɗan shekara 20 ko kusa da haka, suna yawon wa'azi tare da Shehu, wani malami mai suna Mustafa Gwani ya aiko da baitoci yana sukar yadda mata ke halartar majalisin Shehu. Shehu ya umarci ƙanensa ya ba da amsa. Abdullahi ya mayar da ita a waƙe, bisa karin da malamin ya yi amfani da shi, ba zagi ba cin fuska. Hujjarsa ita ce barin mata cikin jahilci ya fi abin da ake gudu muni. Saboda haka 'yar'uwa, kujerar da kike kai a aji ba alfarma ba ce. Ɗan'uwa kuma, shewa da habaici idan mace ta ɗaga hannu ba tarbiyyar wannan ƙasa ba ce.

Ladabinsa bai hana shi faɗin ra'ayinsa ba. Ya saɓa wa Shehu kansa a wasu mas'aloli, kamar na kaɗe-kaɗe da laƙabin sarauta, amma a rubuce ya yi, da hujja daga littafi. Haka ake musu da malami: ka bari ya kai aya, ka nemi izini, ka kawo dalilinka. Ƙunƙuni daga bayan aji ba ilimi ba ne.

Da aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, shi ya jagoranci runduna a Tafkin Kwatto, a 1805 kuma ya ci Birnin Kebbi. Amma da ya ga son duniya ya fara shiga zukatan jama'a, sai ya kama hanyar gabas da niyyar aikin hajji. A Kano mutane suka tare shi, ya zauna yana karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam a kan tafiyar da mulki, sa'annan ya komo gida. A 1812 Shehu ya damƙa masa yammacin daula. Ga yaƙi, ga shari'a, ga mulki, amma a cikin wannan hidima ya kammala babban tafsirinsa Diya'ut Ta'awil, daga baya ya yi wani mai sauƙi, Kifayatu Du'afa'is Sudan, don waɗanda karatunsu bai yi nisa ba. To ina mai cewa kabu-kabu ko zaman shago ne suka hana shi buɗe littafi ko na awa ɗaya a rana?

Bayan rasuwar Shehu a 1817 aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, aka bar Abdullahi, alhali Bello ɗan wansa ne kuma almajirinsa. Abin ya sa sanyi tsakaninsu har zuwa yaƙin Kalambaina, inda Bello ya kawo masa ɗauki. Da suka haɗu, Bello ya yunƙura zai sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, shi ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Wanda ya iya durƙusawa gaban wansa yana yaro, shi ne ya iya saukar da kai ga ɗan wansa yana dattijo.

Malam Abdullahi ya rasu a Gwandu a 1829, ya bar littattafai gommai da har gobe ake karantawa a zauruka da jami'o'i. Allah ya jiƙansa da rahama. Ku kuma da kuka fara zangon nan, ku sammako aji, ku kashe ƙarar waya, ku rubuta da hannunku, abin da ya shige muku duhu ku tambaya tun jarrabawa na nesa. Allah ya ba da sa'a, ya sa a fita da sakamakon da iyaye za su yi alfahari da shi.