Dakta Cicely Saunders: Uwar Jinyar Ƙarshen Rayuwa da Darasinta ga Masu Ciwon Suga

An haifi Cicely Saunders ranar 22 ga Yuni, 1918, a Barnet da ke Ingila. Ta fara da aikin jinya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, amma ciwon baya ya sa ta koma ma'aikaciyar kula da walwalar marasa lafiya.

A 1948 ta kula da David Tasma, Bayahude ɗan ƙasar Folan da cutar daji ta ci ƙarfinsa. Da zai rasu ya bar mata fam 500 domin kafa gidan da masu jinyar ajali za su samu sauƙi. Daga baya ta shiga karatun likitanci, ta kammala a 1957.

A wancan zamani, sau da yawa sai majinyaci ya galabaita kafin a ba shi maganin raɗaɗi. A gidan jinya na St Joseph da ke Landan, ta nuna cewa ba da magani a kan ƙayyadadden lokaci, tun ciwo bai dawo ba, yana kwantar da majinyaci cikin hayyacinsa. Ta kuma koyar cewa ciwo ya haɗa da tsoro, damuwar iyali da halin zuciya. A 1967 ta buɗe St Christopher, gidan jinyar ƙarshen rayuwa na zamani na farko.

Wannan fahimtar ce ke jagorantar kula da mai ciwon suga da ajali ya kusanto. Ana tsananta sarrafa suga ne domin kare ido, ƙoda da jijiyoyi daga lalacewa nan da shekaru. Wanda kwanakinsa suka rage, abin da ya fi yi masa barazana shi ne faɗuwar suga, musamman idan ya daina cin abinci amma ana ci gaba da ba shi magani kamar da. Shi ya sa ƙungiyar Diabetes UK ke ba da shawarar barin suga tsakanin 6 zuwa 15 mmol/L, a rage huda yatsa, a ƙyale shi ya ci abin da ransa ke so.

Likita zai iya rage ko dakatar da ƙwayoyin mai nau'i na biyu. Mai nau'i na ɗaya kuwa ba a yanke masa insulin gaba ɗaya, sai dai a rage. Kada iyali su canza magani da kansu.

Saunders ta rasu ranar 14 ga Yuli, 2005, sanadiyyar cutar daji, a gidan jinyar da ta kafa.