Shah Jahan: sarkin da ya ƙware a daimon, ɗansa ya tsare shi

Babana kan kalli sa sau ɗaya a kara, nan Agege, ya faɗi kuɗinsa, kuma da wuya ya kuskure. Shi na tuna da nake karanta tarihin Shah Jahan, sarkin Indiya na daular Mugal, don an ce haka idonsa yake a kan daimon da yakutu.

Yawancinmu da Taj Mahal muka san shi, ginin nan da muke gani a finafinan Indiya, kabarin matarsa Mumtaz wadda ta rasu wajen haihuwa a 1631. An haife shi a Lahor a 1592, ya hau mulki a 1628. A lokacin kusan duk daimon ɗin duniya daga Indiya yake fitowa, musamman yankin Golkonda. Maƙeran fadarsa ba sa son rage dutse da yawan yanka. Sai su bar masa nauyinsa, su danna tataccen zinare kewaye da shi ba tare da wuta ba, a bayan sarƙar kuma su zana furanni masu launi, inda ba mai gani sai mai ita. Wannan ya burge ni. Har rubutu suke sassaƙawa a jikin dutsen: akwai wani daimon yanzu a Mosko da ke ɗauke da sunansa da haruffan Larabci.

Babban aikinsa shi ne Karagar Ɗawisu. Shekara bakwai ana ƙera ta, ya fara zama a kanta a 1635.

Sai ciwo ya kwantar da shi a 1657. Tun yana numfashi 'ya'yansa maza huɗu suka fara yaƙin gado. Shi Dara Shikoh yake so, amma Aurangzeb ne ya yi nasara, ya kashe Dara, ya kulle uban a fadar Agra. An ruwaito cewa da ɗan ya aiko neman duwatsun da suka rage a hannunsa, tsohon ya rantse gara ya daka su a turmi, sai 'yarsa Jahanara ta lallashe shi. Ita ta yi jinyarsa har ya rasu a 1666, aka binne shi kusa da Mumtaz.

A 1739 Nadir Shah na Iran ya ci Delhi, ya kwashe karagar tare da daimon ɗin Kohinur. Karagar ta salwanta. Kohinur kuwa yana Landan, a jikin kambin sarautar Ingila.